Shekarun da Na Yi Ba Na Jin Hausa a Boɗinga

A Kamba aka fara cutata, ni kuwa har addu'a na yi wa wanda ya cuce ni.

Mun iso garin ne, a bakin iyakar Nijeriya, bayan mun sha hanya daga Kumasi, ta Lome da Kwatano da Faraku, a bayan motar kaya, ƙafafuna sun kumbura. Duk da haka raina fari ƙal, don ni a ganina ba baƙunta na zo ba. Kakana falke ne, daga wajen Lambara, a ƙasar Sakkwato, ya bi ayarin goro ya sauka Kumasi, bai sake waiwayowa ba. A zango, unguwar Hausawan Kumasi, aka haifi ubana, a zango aka haife ni, da Hausa aka yi mini raɗa a kunne aka kuma zage ni da ita. In mahaifiyata, da muke kira Mma, ta ce "gida", Sakkwato take nufi, alhali ko a mafarki ba ta taɓa ganin garin ba. Da abubuwa suka taɓarɓare a Gana, albashin malami ya koma ba ya kai shi mako, na bi ayarin malaman da ke kwararowa Nijeriya.

Wani mutum mai kwat da jakar hannu ya tare ni, ya ce shi ke yi wa malamai hatimin zama. Ya karɓi fasfona da abin da ya karɓa, ya ɓace bayan wata rumfa, ya dawo da hatimi shuɗi mai kyan gani. Na riƙe hannunsa ina ta zuba godiya, har na ba shi labarin kakana. Ni haka nake. A zango Rediyo ake ce mini, Mma takan ce tun ina ciki nake gardama. Ku riƙe wannan, don shi ne dukan labarin.

A Sakkwato na tarar da ofishin ilimi maƙil da irina: 'yan Gana, Indiyawa, mutanen Fakistan, kowa da takardunsa a hammata. Na yi kwanaki ina kwana a barandar wani masallaci kafin a kira sunana. Aka ce akwai wata makarantar horon malamai a gefen Boɗinga da ke neman malamin Turanci, kuma shugabanta ya ce lallai ɗan Gana yake so. Na ce to, ga shi Allah ya kawo.

Da na shiga ofishin shugaban, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, sannu da aiki, mun same ku lafiya?"

Ya tashi tsam ya rufe ƙofa. Da Turanci ya tambaye ni, "Wa ka yi wa magana tun da ka sauka daga mota?"

Na ce ba kowa.

Ya zauna ya yi mini bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ɗalibansa sun san ƙa'idojin Turanci, suna rubutawa, amma a aji ba mai buɗe baki. Duk malamin da ya zo yana jin Hausa, sai tausayi ya sa ya riƙa fassara, su kuwa su naɗe hannu su jira fassarar. Nan gaba kaɗan su ne za su tsaya gaban yaran firamare su koyar da harshen da ba su taɓa furtawa ba. Ya ce, "Shi ya sa na nemi ɗan Gana. In kana jin Hausa, gobe ka koma su ba ni wani. In ba ka ji, ga gida ga aiki." Ya buɗe fasfona ya dubi hatimin Kamba, ya ture mini shi. "Wannan kuma na banza ne, ba ofishin da ya san shi. Ni zan nema maka takardar zama ta gaske."

Na ce, "A aji kawai, ko?"

Ya ce, "Ko'ina. Boɗinga ba ta da girma. Abin da ka faɗa a kasuwa zai riga ka isowa makaranta."

"Har yaushe?"

"Har su yi magana."

Ba ni da kuɗin komawa, ba ni da takarda, Mma kuma tana can tana jiran abin da zan aiko. Na ce masa, da Turanci, ba na jin Hausa.

Ban san akwai kaɗaici irin wannan ba. Wanda ba ya jin harshen gari ya huta, surutu kawai yake ji. Ni kuwa ina jin komai. Mahauci zai dube ni ya yi murmushi, ya ce wa yaronsa, "Sa mashi ƙashi, ɗan Gana na, bai san komi ba." In karɓa in yi godiya da ka. A masallaci in an sallame, mutane su zauna ana hirar damina da tsadar gero, wani ya saki maganar ban dariya, ni kuwa in cije leɓe in ɗauki takalmana. Sauran malaman Gana Kiristoci ne, ran Lahadi su tafi Sakkwato su bar ni, da ma a wurinsu ni ɗan zango ne, ba nasu ba. In na koma ɗaki sai in rufe ƙofa in yi wa ƙadangaren taga Hausa, in tambaye shi gida da iyali. Wallahi akwai ranar da na yi kuka don bai zo ba.

A ƙofar gidan da aka ba ni akwai wani tsohon tela, Baba Ummaru. Shi kaɗai ke yi mini hira, kuma don ya tabbata ba na ji ne. Da la'asar zai nuna mini benci, ya ɓara goro ya ba ni rabi, yana taka keke yana ba ni labarin ɗansa da ya tafi Ikko neman kuɗi, ba aike ba labari. Yakan ce, "Kai dai ka huta, ɗan nan. Abin da nika hwaɗa maka, ko uwar ɗiyan ban hwaɗa ma ba." Sau nawa "Allah ya dawo da shi lafiya" ta zo mini har bakin haƙori na haɗiye ta da goron.

Aji kuma ga shi nan kamar makabarta. Ɗaliban ba yara ba ne, wasu sun girme ni, da gemu da iyali a ƙauye. In na shigo su miƙe su gaishe ni baki ɗaya, su zauna, su sunkuyar da kai. In na faɗi jimla su maimaita da waƙe-waƙe irin na makarantar allo. In na yi tambaya, tambayar ma su maimaita mini. In na nuna mutum ɗaya, sai ya ƙura wa tebur ido har in gaji. Ba daƙiƙai ba ne, na sani, don ina jin raɗarsu. An raine su ne a kan cewa ɗalibi ba ya duban malami a ido, ba ya tambayarsa, balle ya musa masa. Ga kuma kunya: magidanci ba zai so ya kwafsa a gaban 'yan'uwansa a yi masa dariya ba. Nakan ji wani ya ce, "Mi yac ce?" ɗaya ya ce, "Ƙyale shi, in ya gaji shi rubuta ga allo."

Na jera kujeru da'ira, na haɗa su biyu-biyu, na yi lallashi, na yi barazana. A banza. Shugaba zai gifta ta taga, daga baya ya ce mini, "Mista Sani, har yanzu muryarka kaɗai nake ji." Ni kuwa na san ma'anar wannan magana ga takardata.

Akuya ce ta cece ni. Kaɗaici ya sa ranar kasuwa na sayo ta, don in sami mai rai a gidan da ya fi ƙadangare. Mai ita ya rantse wa na kusa da shi cewa ya rabu da ƙaya, na ji sarai, amma ni ɗan birni ne, na ga ta yi mini kyau. Ban sami mai tsare mini ita ba, sai na ɗaure ta a jikin dalbejiyar da ke bakin aji. Ina cikin darasi na lura ba wanda ke duban allo. Can sai wani dogo da ke zama a baya, Bello, ɗan makiyaya daga Kajiji, wanda ban taɓa jin muryarsa shi kaɗai ba, ya miƙe tsaye. Da Turanci, kalma na tuntuɓe da kalma, ya ce, "Malam, akuyarka tsohuwa ce. An cuce ka."

Murna ta cika ni, amma na daure na ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Ya nemi kalmar ya rasa, ya nuna bakinsa. Wani ya jefo masa kalmar haƙori. Na ce ban yarda ba, a nuna mini. Aji duka ya fita waje. Bello ya buɗe bakin akuya, wani ya ce ba za ta ƙara haihuwa ba, wani ya ce ƙarya ne za ta yi ɗaya, gardama ta kaure. Duk wanda ya zame ya koma Hausa sai in ɗaga kafaɗa in nuna ban gane ba, dole ya komo ya lallaɓa da Turanci, don kowa so yake in san shi ne mai gaskiya. Shugaba ya ji hayaniya ya fito da sandarsa. Ya tsaya daga nesa ya saurara, ya juya ya koma.

Ranar na gane abin da ba a koya mini a kwaleji ba. Mutanen nan ba za su yi magana don a gwada su ba, amma ba za su iya kallon baƙo yana faɗawa rami su yi shiru ba. Daga nan na daina yin tambayar da na san amsarta. Jahilcina nake kawowa aji, na gaske da na ƙarya. Yaya ake gaida hakimi? Me ake cewa a gidan rasuwa? Me ya sa rumbun gero ba ya taɓa ƙasa? Na daina katse mutum in gyara masa, sai ya kai aya. Suka fara musu da junansu, sannu a hankali har suka fara musu da ni. Bello ya naɗa kansa tafintana, yana bi na kasuwa yana faɗa da mahauta a kaina.

Na koma wurin shugaba na ce to, sun yi magana. Ya ce, "Shi ya sa ba za ka fasa yanzu ba. Ranar da suka san kana ji, ranar za su koma gidan jiya." Takarda kuwa, ana nan ana ƙoƙari.

Zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo. Albashi ya riƙa yin watanni bai leƙo ba, sabulu da madara suka ɓace daga kantuna, abin da nake aika wa Mma ya tsaya. Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, na fita hayyacina ban san iya kwanakin ba. Na farfaɗo wata rana da hantsi na ga Bello zaune yana yi mini fifita, ga kwanon kunu a gefe. Da Turanci ya tambaye ni jiki, da Turanci na amsa.

Bayan na warke aka tura 'yan ajin gwajin koyarwa a ƙauyuka, ni ke bi ina duba su. Haka na taka Lambara. Na zauna gaban dattawan garin kakana, Bello na tsakani yana fassara mini gaisuwar da na iya tun ina goye. Na sa ya tambaya ko akwai wanda ya san wani falke da ya bi goro bai dawo ba. Wani tsoho ya yi dogon tunani ya ce, "Sun yi yawa, waɗanda kurmi yac ci." Bello ya juyo ya mayar mini da ita Turanci. Na gyaɗa kai na sha ruwan da aka kawo wa baƙo.

Sai ga sanarwa a rediyo: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Aka ce malamai masu takarda an ɗaga musu ƙafa. Ni ba ni da komai sai hatimin Kamba. Na je wurin shugaba, ya yi ta juya biro a hannu bai dube ni ba, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ban zage shi ba, amma na so.

Washegari na shiga aji don in yi sallama, na tarar an ajiye benci ɗaya a gaban allo. Bello ya miƙe ya ce, da Turancin da yanzu ya zauna a bakinsa, "Malam, yau mu ne malamai. Zauna." Sun riga sun gama shawara. Zai kai ni gidan mahaifinsa a Kajiji in fake har ƙura ta lafa. Matsalar ɗaya ce, hanya ta bi ta garin Shagari, kuma an kafa shinge a can ana sauke baƙi. Dole in amsa tambaya kamar ɗan ƙasa.

Haka na zauna aka koya mini Hausa. Wani ya zama mai kaki, ya ɗaure fuska ya ce, "Ina kah hito?" in ce, "Boɗinga nih hito." "Ina za ka?" "Kajiji za ni, wurin baffana." Su ce a'a, Malam, sake, ka ja nan, ka sauke murya can. Duk bayanin da Turanci suke yi, suna katse juna, suna gardama a kan yadda mutumin Kajiji ke furta kaza. Ban taɓa ganin darasin Turanci mai rai irin wannan ba, kuma ban koyar da komai a cikinsa ba. A zuci kuwa dariya nake, har da ɗan jin haushi. Ni za a koya wa Hausa? Bello ya yi ta nanata mini abu guda: "Waɗannan kawai za ka faɗa. Kada ka ƙara ko kalma. In an tambaye ka wani abu, ka riƙe kunci kamar mai ciwon haƙori, ni zan amsa." Na ce to. A raina na ce, yaro, bari mu isa shingen ka sha mamaki.

Baba Ummaru ya ɗinka mini riga irin ta mutanen ƙauye, ya ƙi karɓar komai. Da zan tafi ya kama hannuna ya ce, "Wa za ni hwaɗa ma yanzu?" Na bar masa akuyar.

Ranar kasuwar Shagari muka shiga a-kori-kura, ni da Bello, cikin buhuna da kaji. A bakin garin aka tsayar da mu. Ga babbar mota a gefe, an riga an loda mata mutane da ƙullin kayansu. Wani mai kaki, dattijo-dattijo, ya zagayo yana duban fuskoki. Ya zo kaina.

"Ina kah hito?"

"Boɗinga nih hito."

"Ina za ka?"

"Kajiji za ni, wurin baffana."

Ya gyaɗa kai. Na ji Bello ya saki numfashi. Mutumin har ya ɗaga ƙafa zai wuce, sai ya dube ni da fara'a, yadda ake duban ɗan gida, ya ce, "Madalla. Ya mutan gida? Ya ƙoƙari?"

Ban san yadda zan bayyana muku ba. Tun da na shigo ƙasar ba wanda ya tambaye ni mutan gida yana jiran in amsa. Bello ya danna mini gwiwa, na ji, amma bakin ya riga ya buɗe. Na ce lafiya lau, na tambaye shi nasa iyalin, na yi masa sannu da rana, na ce ai ni ɗan ƙasa ne, kakana mutumin Lambara ne, na shiga ba shi labarin ayarin goro. Maganar shekaru ce ke zubowa, da daɗinta, ban iya tsayar da ita ba. Ina cikin yi na ga fara'arsa ta sake launi.

Ya ce, "Sauko, malam. Hausar zango ta wagga. Na yi aiki Ikko, na san ku."

Hausar da nake rubutu da ita yau ta littafi ce da rediyo, daga baya na koye ta. Wadda na sha a nono daban take, kuma ban taɓa sanin ana jin Kumasi a cikinta tun daga gaisuwa ba. A zango mu ne Hausawa.

Bello ya diro ya bi mu. Babban masu kakin mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Na tsaya a gindin babbar motar ina kallon ɗalibin da a da ba ya iya ɗaga kai, ya tsaya gaban mai anini a kafaɗa, ido cikin ido, yana zuba Turanci. Ya ce wannan malaminmu ne, ya ce ajinmu na gab da jarrabawa, ya tambaye shi wace doka ce ta ce a kori mai koyarwa a bar wanda ya sayar masa da hatimin ƙarya. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce Turancinsa ya yi kyau, ya ce a hau da ni.

Da na hau, Bello ya matso jikin motar. Na leƙo ta tsakanin katako. Da Hausa na ce, "Bello, ka dai ji."

Ya ce, "Mun sani, Malam. Tun zazzaɓinka. Wuni kaka yi kana kiran Mma kana ba ta labari. Ni nag gaya ma 'yan aji, munka yi shawara mu yi shiru. In shugaba ya ji, korarka za a yi. Mu kuma in munka nuna mun sani, kunyarka za ta kama mu, bakinmu shi mutu." Ya ƙara da cewa, "Amma mun ji irin Hausarka. Shi as sa munka ce kada ka ƙara komi."

Ashe darasin nan na gaske ne. Ashe ni kaɗai ne a ajin ban san ana koya mini ba.

Haushi da kunya da ƙauna suka taso mini a tare, haushin ya riga fita. Na ce, "Kuna kallo ina hira da ƙadangare, ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini sannu."

Ya sunkuyar da kai kamar ranar da na fara ganinsa. Direba ya tayar da mota. Sai ya cire hularsa, ya durƙusa a kan titi a gaban masu kaki da 'yan kasuwa, yadda ake yi wa malami a ƙasarsu, ya ce, "Sannu, Malam. Ina gajiya? Ya baƙunta?"

Na buɗe baki, ni Rediyo, ba abin da ya fito. Motar ta ja, ta miƙi hanyar Kamba, yana nan durƙushe yana jiran amsa.